Ranar da Sarkin Gajimare Ya Tashi Majalisa

Sauran garuruwa sai sun yi yawo suke tattaro manyan mutanensu. Mu a Harlow Falls Allah ya tausaya mana, ya haɗa mana su duka a jikin mutum ɗaya. Wannan bawan Allah shi ne Mista Lonnie Kaczmarek, mai shagon tabar lantarki da ke tsakanin gidan wanki da shagon 'yan jingina, Shugaban Ƙungiyar Masu Sayar da Tabar Lantarki ta gundumarmu, wanda duniya ta sani da Sarkin Gajimare. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya tsaya takara, shi ya ƙirga ƙuri'a, kuma cikin ikon Allah shi ya ci. Sarautar ma shi ya naɗa kansa, ya sa aka rubuta ta a kowane gefe na akori-kurarsa, don kada masu tafiya a wancan hannun titi su ce an ware su.

In Lonnie zai zo wuri, ƙamshin mangwaro ne ke fara sallama. Sai hazo ya biyo baya. Sai tumbi. Can daga baya mutumin ya iso.

Da can mai gadi ne a masana'antar taya. Da aka rufe ta, sai ya zauna a gida ya kalli bidiyo a waya har ilimi ya yi masa yawa, ya buɗe shago don ya rage. Wanda ya shiga sayen kwalbar ruwan taba ɗaya ba ya fita sai ya sha darasi a kan huhu, da tsarin mulki, da makircin gwamnati.

"Likitoci a takarda suka karanta huhu," yakan ce, yana bugun ƙirji. "Ni kuwa da shi aka haife ni."

Wa zai ja da wannan hujja?

Ana nan sai shugabannin makarantu suka fara kuka, wai bayin ɗalibai ya koma ƙamshin shagon alawa. Iyaye suka tashi. Majalisar jiha ta kawo ƙudurin hana sayar da duk wani ruwan taba mai ɗanɗano, sai mai ɗanɗanon taba tsurarta. Lonnie ya yi rantsuwa cewa shi tsofaffi kawai yake yi wa kaya. Gaskiya ne kuwa, domin kowa ya san babu abin da dattijo ɗan shekara saba'in yake so irin ruwan da aka raɗa wa suna Kek ɗin Ranar Haihuwa, mai hoton dabbar beyar sanye da hula. Katin shaida ma yana dubawa sosai, musamman idan mai katin ya yi furfura.

Aka kira taron gaggawa a ƙuryar gidan abincin Dottie. Masu shaguna suka hallara, kowa da kofin gahawa a gabansa, ba mai iya sha. Wadda ta fara magana ita ce Yolanda Tibbs, mai ɗan shago a bayan tashar bas. Sigari ne ya kashe mijinta, shi ya sa ta shiga wannan sana'a, kuma da shagon take riƙe da kanta da tsohuwarta mai ciwon ƙafa. Ta ce kwamitin da zai saurari jama'a ya rabu biyu daidai, saura mace ɗaya, Sanata Brubaker, da ba ta faɗi inda ta dosa ba. Ƙungiya kuma an ba ta damar tsayar da mutum ɗaya tak ya yi magana.

"Mu tsayar da Harlan," in ji ta, ta nuna wani tsohon direban tirela da ke zaune yana juya hularsa. "Tun yana saurayi yake zuƙar sigari, kwali biyu a yini. Yanzu ya daina, har yana hawa bene ba ya tsayawa. Ya faɗa musu haka kawai, ya zauna."

Lonnie ya yi mata kallon da babban malami ke yi wa ɗan aji ɗaya.

"Yolanda, 'yar'uwa, majalisa ba tashar mota ba ce. Can wurin masu baki ne. Harlan, kada ka ji haushi, amma in ka ga makirfo suma za ka yi."

"Ni dai ko a gidan biki ban taɓa suma ba," in ji Harlan.

"Kun ji ko? Ko maganar ma bai gane ba. Ku bar mini. Zan shiga zauren nan, in na fito ba za su ƙara ambaton dokar ba."

Yolanda ta ce, "Lonnie, don Allah, abincinmu ne fa. Ba wasan nuna gwaninta ba ne."

Ya ce, "Shi ya sa Shugaba zai je da kansa."

Aka kaɗa ƙuri'a. Shugaba ya ƙirga. Ba sai na faɗi sakamako ba.

Ranar zama, aka ɗauki hayar bas zuwa babban birnin jiha, dusar ƙanƙara na zuba. Lonnie ya raba wa kowa riga mai hoton fuskarsa a cikin gajimare, kamar wani waliyyi da aka ɗauke sama. Shi kuwa ya sa kwat ɗin da ya saya don auren 'yarsa, wanda maɓallinsa na tsakiya ke riƙe da amana mafi nauyi a jihar.

Zauren ya cika. Shugabar ƙungiyar iyaye, Misis Pendergast, ta tashi ta juye jaka a kan tebur, cike da tabar lantarki da aka ƙwace a makaranta ɗaya, ta yi magana kaɗan, ta zauna. Lonnie ya raɗa wa na kusa da shi cewa matar ba ta san sirrin jawabi ba.

Sai aka kira Sarkin Gajimare.

Ya fara da kakannin da suka kafa ƙasa. Ya bi ta kan 'yanci, ya sauko kan kakansa da ya ƙetaro teku da akwati ɗaya, ya tsaya a kan kofin da shi kansa ya ci a gasar busa hayaƙi ta yanki, ya bayyana yadda alƙalai suka yi masa hassada a zagayen ƙarshe. Mutanen da suka daina sigari, waɗanda saboda su aka zo, suna can ƙarshen jawabin suna jiran layi. Ba a kai gare su ba shugaban kwamiti ya fara duba agogo.

A nan ne Sanata Brubaker ta jawo makirfo. Mace ce mai sanyin murya, da tabarau a bakin hanci.

"Mista Kaczmarek, tambaya ɗaya. Idan aka cire kayan ɗanɗanon nan daga gidajen mai da kantuna, aka bar su a shagunanku kawai, inda yaro ba ya shiga, ƙungiyarku za ta amince?"

Yolanda ta damƙe hannun Harlan. Abin da suke roƙon Allah ke nan, ga shi an miƙo musu a faranti. Ta ɗaga kai tana gyaɗa wa Lonnie, har wuyanta ya kusa ciwo.

Lonnie ya gyara tsayuwa. Maɓalli ya yi nishi.

"Ranki ya daɗe, ni ba na cinikin 'yanci kamar tumatir. Ko duka, ko babu. Kuna tsoron abin da ba ku sani ba ne. Bari in nuna muku da idonku cewa wannan tururi ne kawai, ko ƙuda ba ya kashewa."

"Lonnie, kar ka soma!" Yolanda ta yi ihu daga baya.

Ina! Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Ya zaro na'urarsa mai girman bulo, ya ja numfashin da ya ci masa kofi, ya saki. Masu adalci a cikinmu sun yarda cewa bai taɓa yin gajimare mai kyan wannan ba. Ya haɗiye teburin kwamiti, ya haɗiye tutar jiha, ya haɗiye Sanata Brubaker da tabaranta, sai tarinta kawai ake ji daga ciki. Daga nan ya hau sama ya gaisa da na'urar jin hayaƙi da ke rufin zauren.

Jiniya ta ɗauka. Masu gadi suka buɗe ƙofofi suna kora jama'a. Aka fitar da majalisa gaba ɗaya, manya da ƙanana, har da waɗanda ke wani zaure suna muhawara a kan gyaran gadoji. Sanatoci suka tsaya a dusar ƙanƙara ba rigunan sanyi, suna rawar ɗari, suna ƙamshin mangwaro. Motocin kwana-kwana suka iso da kururuwa. Sarkin Gajimare kuwa yana kan matakala, 'yan sanda biyu riƙe da shi, yana tambayar masu ɗaukar hoto ko sun samu ɓangaren fuskarsa mai kyau.

Da kwamiti ya sake zama, ba a rabu biyu ba. Har waɗanda a da suke bayanmu suka ɗaga wa dokar hannu, wasu ma hannu biyu suka so ɗagawa. Garin neman gira aka rasa ido.

Doka ta fara aiki da shigowar bazara. Manyan kamfanonin taba, masu lauyoyi kamar yashi, kayansu na nan a kowane gidan mai, kusa da sigarin da ba wanda ya ce masa kanzil. Ƙananan shaguna ne suka bi juna suna rufewa. Yolanda ta sayar da shagonta, yanzu tana tsaye yini guda a wurin biyan kuɗi na babban kanti, tsohuwarta kuma tana gida ita kaɗai. Na ga Harlan a gidan mai kwanakin baya. Da ya hango ni sai ya tura kwalin sigari cikin aljihu, ya hau yi mini zancen yanayi.

Shi kuwa Lonnie, tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Shagonsa ya koma sayar da rigar waya da turaren tsinke, amma darasi bai ragu ba.

"Ku faɗa mini mutum ɗaya a tarihin jihar nan," yakan ce, "da ya tashi majalisa da numfashi ɗaya."



Da kaka ta yi, ƙungiyar iyaye ta shirya liyafar murnar nasara. Wata mai barkwanci a cikinsu ta kawo shawarar a karrama wanda ya fi kowa taimaka wa dokar ta wuce. Suka buga wa Lonnie waya don su sha dariya, da tunanin zai zage su ya kashe. Sai ya tambaye su ko akwai wurin ajiye mota na manyan baƙi.

Ya je. Ya ci kaza, ya hau dandamali, ya karɓi allon yabo daga hannun Misis Pendergast, zaure na ta tafi, wasu mata na share hawayen dariya. Shi kuma ya rusuna, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce a ƙarshe dai ko maƙiyi yakan san girman na gaba da shi.

Washegari ya shiga babban kanti da allon a hammata, ya bi layin Yolanda da gangan, ya ɗora shi a gabanta tare da burodi da madara.

Ta karanta. Ta ɗago ta dube shi.

"Lonnie, ka kuwa karanta abin da aka rubuta a nan? Cewa suka yi ba don kai ba, da dokar ba ta wuce ba."

"Na karanta mana," in ji shi, yana goge allon da hannun riga. "Dubi nan. Kaczmarek. Ko harafi ɗaya ba su kuskure ba."

Yolanda ta sa masa burodinsa a leda, ta ce na baya ya matso.