Kitsen Tozo a Injin Pijo

"...Lafiya lau. Ya iyali, ya kasuwa, ya ƙudajenka?" in ji Luba, tana tsaye a bakin zaure da ludayi a hannu.

"Suna gaishe ki," in ji Hamidu ta tagar mota. "Sun ce tun da kika yi aure ba su sake samun miya irin taki ba."

Haka suke tun suna yara a Garwa, don taubasai ne. Uwar Hamidu ƙanwar uban Luba ce, saboda haka duk abin da ɗaya ya yaɓa wa ɗaya, ba mai shiga. Yau kuwa babbar rana ce. Jirgin alhazai zai sauka da azahar, cikinsa har da Mahamman, uban Luba, tsohon mahaucin da ya riƙi Hamidu tun yana maraya, ya koya masa riƙon wuƙa. Shekara goma sha biyu Hamidu yana tallan nama a ka. Bayan tafiyar tsohon ne Allah ya hore masa wata tsohuwar Pijo, kuma tun daga ranar ba shi da buri sai ya ga kawunsa zaune a gabanta. Sai dai Luba ce mai shirin tarya, kuma ta riga ta yi magana da Jacques mai tasi.

"Ki aika a ce wa Jacques ya huta, baiwata. Ga mota ta zo."

"Ina take? Bayan wannan akurkin ka ajiye ta?"

"Leƙo ki ga tablo, kafin ki yi saɓo."

Luba ta leƙa. Allon gaban direba ya cika maƙil da agogo, manya da ƙanana, kowanne da zoben ƙarfe mai ƙyalli. Ta sa ludayi tana nunawa.

"Guda tara! Kai da ba ka taɓa zuwa ko'ina kan lokaci ba. Wannan na mene ne?"

"Zafin inji."

"Wannan fa?"

"Wannan daga mataccen jirgin feshin auduga Michel makanike ya ciro mini. Shi ke faɗin nisanmu da ƙasa."

"To, yanzu me ya ce?"

"Ya ce muna ƙasa."

"Allah mun gode, da na ɗauka mun tashi. Wancan mai jar allura fa?"

"Wallahi ban sani ba. Rubutun Jamusanci ne, Michel ma bai sani ba. Amma ki dubi kyansa."

Luba ta ƙara sunkuyawa. A ƙarƙashin allon wayoyi ne suke reto kamar hanji a tsinken rataya, ba wadda ta shiga ko'ina.

"Mesiye Hamidu, waɗannan ba a ɗaura su da komai ba."

"Da gangan ne. Agogon da aka haɗa da inji kullum mugun labari yake kawowa. Nawa tun da na sa su ba wanda ya taɓa ɓata mini rai."

"To yaya kake sanin mai ya ƙare?"

Hamidu ya zaro wani karan dawa daga ƙarƙashin kujera, ya ɗaga. "Ga na goma. Shi kaɗai ke aiki, shi ya sa nake ɓoye shi."

"A wannan zan sa ubana? Mutumin da ya tsallake teku lafiya, ya zo ya ƙare a hanyar filin jirgi?"

"Ke da ba ki taɓa hawa abin da ya wuce jakin kakarmu ba, shi ma ya kayar da ke."

"Ya kayar da ni, amma bai yi ƙaryar yana da agogo ba."

Hamidu ya ga tablo bai ci ba, sai ya fito da abin da ya tanada. Ya sauko, ya bar injin yana kaɗawa, ya zagaya ya ɗaga murfin gaba da hannu biyu. Gaskiya abin ya yi kyau, kowa ya gani sai ya faɗa. Kowane noti an sa masa hular tagulla, bututai an shafa musu jan fenti, murfin lagireto kuwa kan zaki ne na ƙarfe. Komai sai sheƙi yake, har Luba ta rasa abin cewa. Hamidu ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, don a tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin bakinta a rufe ba.

Sai ta ɗaga hanci.

"Wa ke gashi da safen nan?"

"Maƙwabta ne."

"Maƙwabtanmu tela ne da malami. Hamidu, karnukan nan uku tare kuka zo?"

Ya waiwaya. Suna zaune a layi, sun zuba wa injin ido, harshe a waje. Tun daga unguwar Yelwa ya gan su a madubi, ya ɗauka kwalliyar mota ce ta burge su. Wani farin hayaƙi ya fara tashi daga bayan kan zakin, ana jin wani abu yana soyuwa a hankali.

"Da me ka goge ƙarafan nan?"

Hamidu ya sosa ƙeya. "Kawu ne ya koya mini. Ya ce ƙarfen da kake so, kada ka bar shi ya kwana ba kitse."

"Wuƙa yake nufi!"

"Ai bai ce ban da inji ba. Kuma ba kitsen banza na sa ba, na tozo ne. Tun asuba nake bi noti-noti."

Luba ta saki ludayi, ta dafe bango, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Hamidu ma ya taya ta, amma tasa ba ta yi nisa ba. Ya zauna a kan dakali yana kallon hayaƙin, zuciyarsa ta karye ƙwarai. Wata guda yana hango tsohon da farin rawani a kujerar gaba, ga shi abin da ya gina ya koma tukubar tsire.

"Kin ci," in ji shi. "Kira Jacques. Mutum ya dawo daga ɗakin Allah da ƙamshin turare, ba zan kai shi gida da rakiyar karnuka ba. Ni dai so na yi ya ga marayan nan bai lalace ba."

Luba ta daina dariya. Ta dube shi, ta shige gida. Jim kaɗan ta fito da bokitin ruwan zafi, da kwanon toka, da soso biyu, ta jefa masa ɗaya.

"Ga kyautarka, sarkin sakarkaru. Saura awa uku. Jacques ya ɗauki akwatuna, Baba kuwa ɗansa ne zai ɗauko shi. Kashe ta ta huce mu kankare."

Hamidu ya riƙe soson, ya kasa haɗa ido da ita.

"Akwai magana ɗaya, uwar ɗakina."

"Yanzu na zama uwar ɗaki? Faɗi."

"In na kashe ta, ba ta tashi sai an tura."

Luba ta dubi sabuwar atamfar da ta ɗinka don taryar ubanta, ta dubi motar. Ta cire mayafi, ta ɗaure shi tam a ƙugu.

"Kashe," in ji ta. "Ni zan tura. Amma wallahi ka faɗa wa Baba na tura mota, sai na ce da shi wuƙaƙenka duk sun yi tsatsa."