Garin Ɗorawa a Bangon Inna

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen rabin ɗaliban da na koyar, amma ranar da na buɗe ƙofar ɗakin Inna a gaban mutanen unguwarmu ta ƙi mantuwa. Ko yanzu na tuna sai in ji ina neman inda zan sa kaina.

Shekarun kuɗin mai ne, lokacin da duk wanda ya leƙa Kano sai ya dawo da wani sabon iyayi. Ina sabon malamin firamare a ƙauyenmu kusa da Basirka, ga wando mai faɗin ƙafa, ga biro uku a aljihu (ɗaya ne kawai yake rubutu). Nawa iyayin shi ne wani falo da na gani a gidan wani ɗan kwangila, an shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, yana ta haske. Tun daga ranar jar ƙasar bangon gidanmu ta fara ba ni haushi.

A lokacin Inna, mahaifiyata, ta yi wata biyu kwance a asibiti a Birnin Kudu. Ni ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa. "Wancan" take ce mini. Na san kunya ce ba ƙiyayya ba, amma ƙato da ni, ina kwaɗayin in ji ta yaba mini ko sau ɗaya.

Duk wanda ya je dubiya, maganarta ɗaya ce: "Ni dai a mai da ni ɗakina." Ɗakin da aka kawo ta tana amarya ke nan, a ciki ta haife mu, a ciki ta yi takabar Baba. Da likita ya ce a zo a kai ta gida ta huta, kowa ya gane abin da yake nufi, ban da mai biro uku. Ni na ɗauka sauƙi ne ya samu, na ce to ga ranar da zan burge ta.

Na zaga kantunan Birnin Kudu, babu fenti sai shuɗi da kore. Wani mai kanti ya ce ruwan ɗorawa sai an aiko daga Kano, in dawo bayan mako biyu. Ina zan iya jira? A hanyar komawa na ga mata a kasuwar Gwaram da ƙwarya-ƙwaryar garin ɗorawa, don lokacinta ne. Nan ilimina ya motsa. Na ce ai tsofaffi da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, suke yin daɓe ya yi shekaru, me zai hana garinta ya yi bango? Na sayo cikin buhu, na kwaɓa da farar ƙasa, na jiƙa ƙaro na zuba don ya kama.

Ina cikin shafawa da tsintsiya sai ga Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, wadda ɗakinta ke kallon na Inna. Ta dangwali kwaɓin ta lasa.

"Malam ƙarami, wannan fa abinci ne."

"Gwaggo, ba za ki gane ba, wannan harkar kimiyya ce."

"To, Allah Ya ba kimiyya sa'a," ta ce, ta koma bakin murhunta.

Gaskiya ranar ɗakin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Na mai da gado da katifa, na jera kwanukanta yadda suke, na ja ƙofa na danna kwaɗo don kada kowa ya riga ta gani. Sannan na bi gida-gida ina cewa ran Laraba kowa ya zo ya ga ɗaki irin na Kano (har liman sai da na gayyata, Allah Ya yafe mini). Na tafi Birnin Kudu na kwana uku. A cikin kwanakin nan aka yi ruwan farko, ɗaki kuwa yana kulle.

Ran Laraba da la'asar motar kasuwa ta sauke mu. Tsakar gida cike da 'yan sannu. Mata biyu suka riƙo Inna, ba ta iya tsayuwa da kanta. Na wuce gaba ina kaɗa ɗan mukulli, na yi gyaran murya, na buɗe.

Tsami ne ya fara tarbar mu, irin na kunun da ya kwana biyu. Da idona ya saba da duhun, sai na ga bangon yana motsi. Kiyashi ne da cinnaku tun daga ƙasa har rufi, sun cika katifa, sun cika kwanuka, inda babu su kuma fumfuna ta yi baƙi. Ƙudaje suka taso mana. Akuyar Gwaggo ta kutsa ta tsakanin ƙafafuna ta hau lasar bango, hankalinta kwance. Wata mata ta tuntsire da dariya, ta yi sauri ta mai da ita tari. Liman ya ce, "Ikon Allah," ya shiga kallon takalminsa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da kwaɗo, cinnaku na hawa mini wando, na kasa ko kaɗe su.

Inna ta daɗe tana leƙen ɗakin. Can sama a kusurwa akwai ɗan wuri kamar tafin hannu da bai ɓaci ba.

"Asabe, wancan ne ya yi?"

"Shi ne, Yaya."

"Launin da kyau," in ji ta. Ta numfasa. "A kai ni ɗakinki."

Yabon da na yi shekara ashirin da biyar ina jira ke nan, kuma da ban same shi ba da ya fi mini.

Magini ya ce sai an kankare bangon kaf an sake yaɓe, kuma da damina ba zai bushe ƙasa da kwana goma ba. Da hannuna na kankare, har yatsuna suka fashe. Na hura gawayi a kasko a tsakiyar ɗakin, kullum ina taɓa yaɓen ina jin sanyinsa. Inna ta sa aka juya mata gado a ɗakin Gwaggo yadda za ta riƙa hangen ƙofarta. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Sai dai kowace safiya in ji ta ƙasa-ƙasa: "Asabe, ya bushe?"

Rana ta takwas Allah Ya karɓi abarsa, a ɗakin aro. Bangon ya bushe ranar sadakar uku.

Yau gidana farar ƙasa ce tsura, matata ta gaji da yi mini ƙorafi ta bari. In jikoki suka miƙo mini ɗorawa sai in ce haƙori ke damuna. Na dai koyi abu biyu: abin da akuya za ta lasa ba a shafa shi a bango, kuma in mutum ya ce a mai da shi ɗakinsa, ɗakin nasa yake nufi, ba na Kano ba.