Rasuwar Berta, Motar Clarrie Mai Askin Tumaki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Clarrie Penhallow na garin Menindee, tsohon mai askin tumaki, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa Berta, haifaffiyar Jamus. Rai ya yi halinsa a kan hanyar Broken Hill, tana dab da cika shekara arba'in.

Manya za su tuna yadda ta shigo gidan. Spiro mai soya kifi ne ya ba da ita a bakin rago guda, na iri. Da aka tafa, sai ya ɗaga bonet ya nuna wani ɗan baƙin akwati, bai fi kwalin ashana ba.

"Aboki, wannan ba tunkiya ba ce," in ji Spiro. "Ɗaure duk abin da ka ga dama da wayar shingenku, amma sukurun da ke cikin nan, hannunka ya kiyaye."

"Kai dai je ka juya kifinka, yana ƙonewa," in ji Clarrie.

Wannan akwati shi ne hankalin marigayiya. Wata 'yar kwamfuta ke aiko masa da wuta kaɗan-kaɗan, shi kuma ya ƙara ƙarfin turin fetur ko ya sassauta. Da sanyin safe ya ba ta ta sha ta ƙoshi. In jiki ya yi ɗumi ya rage. A gangara ya yanke gaba ɗaya, har sai an taka totur. An shaide ta da haƙuri da sanin ya kamata. Ta ɗauki amare, ta ɗauki karnuka, ta taɓa kai ɗan maraƙi wajen likita, ba ta yi ƙorafi ba.

Murya kuwa tata ce ita kaɗai. In an murɗa makulli sai famfon mai ya ce zzzz, ta yi tari ɗaya, sannan gur-gur-gur. Tun da mantuwa ta kama Noeline, matar Clarrie, aka kai ta gidan kula da tsofaffi a Broken Hill, fuskar mijinta ta ɓace mata, amma wannan murya ba ta ɓace ba. Duk Lahadi tana jin tarin nan a bakin ƙofa sai ta gyara gashi ta ce, "Ga Clarrie nan." Duk wanda ya fito daga Berta, shi ne mijinta.

Ciwon ajali ya faro da hawaye. Akwatin ya soma ɗigar fetur, tashin safe ya zama aiki. Bakanike ya ce sai an yi odar sabo daga waje, a jira. Clarrie ya ga Lahadi ba ta jira. Mutumin da ya yi rayuwa yana ɗaure famfon rijiya in ya yi yoyo, me zai yi? Ya ɗauko sukurudireba ya murɗa sukurun nan da Spiro ya hana shi iya ƙarfinsa, abin da ake taɓawa kamar ana cire ƙaya a ido. Fetur ya yi ambaliya, ya tsinka baƙin mai. A tsakiyar hanya inji ya buga. Ko tarin ban kwana ba ta yi ba.

Lahadin da ta biyo, 'yarsa Raelene ta kai shi a sabuwar motarta mai tafiya kamar kyanwa. Noeline ta dube shi da ladabi.

"Bawan Allah, matsa daga tagar. Mijina na hanya, ban ji motarsa ba tukuna."

Ya matsa.

Marigayiya ta bar Clarrie, da kare Bluey da har yau yake kwana a kujerar baya, da safayar taya da ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Za a yi jana'iza ran Asabar da hantsi. Tarakta za ta ja ta zuwa bayan rumfar askin tumaki. Akwai gashin nama, kowa ya zo da kwanon abincinsa da abin shansa. Spiro ne zai yi jawabi, an roƙe shi kada ya ce ai ya faɗa.

Ragon Spiro ya zama garke. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya riga ya zo ya taya ƙofofi. Su ne suka ci riba. Wanda ya yi asara kuwa ba ya son a kawo furannin ta'aziyya. Roƙonsa ɗaya ne: duk mai tsohuwar mota irin wannan, mai zzzz da tari ɗaya, ya taimaka ya ara masa ita ran Lahadi. Akwai wata a bakin taga, tana saurare.