Giwan ruwan da na yi wa Inna Habsu alkawari

Ko zan manta da komai na shekarata ta farko a bakin aiki, ba zan taɓa mantawa da safiyar wata Alhamis ta tsakiyar sanyi ba, ranar da na tara rabin gari a bakin baraji, wato madatsar ruwan garin, don su shaida gwanintata. Sun kuwa shaida.

Lokacin an turo ni wani ƙauye tsakanin Buza da Keita a matsayin majo, wato ni ne mai allura, ni ne mai ɗaurin ciwo, ni ne kuma mai share likitar, wato ɗan asibitin ƙauyen. Ni mutumin Madawa ne, ba ni da mata, ban san kowa ba, girkin da na iya a duniya kuma bai wuce shayi ba. Katangar ɗakina ɗaya da ta wata dattijuwa, Inna Habsu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza biyu suna can Abijan wajen nema, ita kaɗai take riƙe da gida da garkar albasa. Kwana biyu da zuwana ta ji ƙaurin shinkafar da na ƙona, sai kawai na ga kwano ya ɗago ta saman katanga. Daga ranar ban sake kwana da yunwa ba. Na yi na yi ta karɓi wani abu, ta ce in na ƙara yi mata wannan zancen za ta daina amsa gaisuwata.

Abin ya tsaya mini a rai, ina ta neman hanyar da zan rama. Ana nan sai wana da ke aiki a Aljeriya ya aiko mini da tsaraba: sandar kamun kifi mai naɗewa, da ɗan keken naɗe zare a gindinta, da wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli. Ƙarfen siriri ne, faffaɗa, siffar ƙaramin kifi, da ƙugiyoyi masu baki uku-uku a cikinsa. Ba a sa masa tana ko tsaki, shi kansa ne abincin. Na hau tudun bayan gari inda ake samun rezo, wato inda waya take kamawa, na kalli bidiyon Turawa har wayata ta mutu, na sauko ina ji da kaina. Ilimin da na kwaso shi ne, in ruwa ya yi sanyi manyan kifi sukan koma ƙasa inda ya fi zurfi su lafe. Sai ka tsaya a gaɓa ka jefa ƙarfen, ka bari ya nutse har ya taɓa ƙasa, ka ɗaga sanda a hankali har ka ji yana karkarwa, sannan ka sake shi ya faɗi. (Ya kamata in faɗa muku cewa kafin ranar, kifin da na taɓa kamawa a rayuwata duk a cikin miya na same shi.)

Ran Laraba da yamma, ina miƙa mata kwano ta katanga, na ce, "Inna, ki tanadi tattasai da mai. Gobe giwan ruwa za ki dahwa, kapiten sukutum."

Ta yi dariya ta ce, "Allah shi ba da sa'a, Majo. Ni gobe ina garka, ranar ruwana ta."

Ga abin da ranar ruwa take nufi. Matan unguwar sun haɗa kai suna da injin ban ruwa guda ɗaya, moto-pompo, kowace da rabin yininta a mako. Na Inna Habsu shi ne Alhamis, daga safe zuwa azahar. Don haka ta yi dashen albasarta ran Laraba da yamma, fangali bayan fangali, tana jiran ruwan safiya. Sabon dashe kuwa in bai ƙoshi da ruwa washegari ba, ya tafi ke nan, tare da abincin gidan na shekara. Duk na san wannan, amma kunnena ne kawai ya ji, hankalina yana kan kapiten.

Da hantsi na sauka baraji cikin ƙatuwar rigar sanyi, sanda a kafaɗa. Na iske Baba Illa, tsohon masuncin garin, yana ɗinke kalli, ragarsa ta kamun kifi, a rana. Ya juya ƙarfen nan a hannunsa, ya shinshina shi, ya mayar mini. Da ya ga na nufi wani dutse da ya shiga cikin ruwa, inda ya fi ko'ina zurfi, sai ya ɗaga murya.

"Majo, kak ka jehwa abin ga wajen dutcin can, don nan ne..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Haba Baba, kihin baraji ai na kowa na. Ko tsoro kaka ji in kwashe maka shi?"

Ya dube ni, ya dubi dutsen, ya koma kan ɗinkinsa. Ni kuwa na ce a raina na gano maɓoyar tsoho. Kun ga irin wayon ɗan lakwal, wato ɗan boko.

Jifa na farko ya faɗi a ƙafata. Na biyu ya kamo ciyawa. Masu garka da ke kusa suka fara ajiye kwasa suna matsowa, don ba su taɓa ganin mai su da keke ba. A jifa na biyar ƙarfen ya tafi inda nake so. Na bari ya nutse, na ɗaga a hankali, na saki, na sake ɗagawa, sai na ji cak. Sandar ta lanƙwashe. Kuma wallahi abin yana motsi. Wata karkarwa ce mai ƙarfi take biyo zaren har cikin gwiwar hannuna, ba ta tsayawa.

Na kurma ihu. Mutane suka sheƙo, har da mata masu ɗebo ruwa.

"Ja shi, Majo! Kak ka sake!"

"Wanga uban kihin baraji na, wallai!"

Na turje, na ja, na naɗe, na ba shi zare kamar yadda na ga Bature ya yi, na sake ja. Duk sanyin nan gumi ya jiƙe ni, na yar da rigar. Har bayani nake yi wa jama'a tsakanin numfashi da numfashi, wai kifin sanyi haka yake, ba ya gudu, nauyi yake sakar wa mutum. A raina kuwa har na gama rabo: tsakiya ta Inna Habsu, kai na Baba Illa don ya san na yafe masa rowarsa. Shi yana ta ɗaga mini hannu yana magana, hayaniya ba ta bari na ji ba, ni kuma na ɗauka hassada ce.

Can abin ya taso. Wani dogon baƙin abu ya ɓullo saman ruwa yana juyi, mai kauri kamar dantse, da gansakuka a jikinsa. Wani ya ce mesa ce, mutane suka ja da baya. Na tattara ƙarfina na fizga. Na ji wani abu ya yage, a daidai lokacin kuma ƙarar injin da ke bayan dutsen, wadda tun safe nake ji ban kula ba, ta canza. Ya yi tari, ya yi gurnani, ya mutu. Karkarwar hannuna ita ma ta mutu tare da shi.

Tiyon moto-pompo ne na kamo. A wurin mai zurfi matan suke nutsa bakinsa don kada ya zuƙi laka. Ƙugiyata ta shiga wani tsohon faci, na yi ta ja har na tsaga shi kusan taƙi guda.

Sai dariya ta ɓarke. Wani har da zama a ƙasa yana riƙe ciki. Wannan duk zan iya shanyewa. Abin da ya kashe mini jiki shi ne ganin Inna Habsu ta zagayo dutsen, laka har gwiwa, kwasa a hannu. Ta dubi tiyon, ta bi zaren da ido har hannuna. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta ce, "Majo, kai na?"

Na gyaɗa mata kai.

"To, Allah shi kyauta. Ƙugiyar dai ba ta soke ka ba ko?"

Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Fangali uku kawai suka sha ruwa, sauran suna nan a bushe, rana kuma tana ɗagawa. Na ruga likita na kwaso filasta na nannaɗe tsagar da kyau, irin ɗaurin da ake yabona da shi. Aka tada inji, ya zuƙe filastan da iska tare. Dariya ta biyu ke nan. Baba Illa ya ture ni gefe, ya aika aka kawo tsohuwar robar tayar babur, ya zauna yana yanka ta siri-siri. Ni kuma na ari bido biyu, wato jarkoki, na shiga jidon ruwa. Ruwan ya yi sanyin da ƙafata ta daina ji, tafin hannuna ya sale, kuma duk wahalar nan har azahar fangali huɗu na iya jiƙawa.

Sai da aka kira salla facin ya kama, lokacin Inna Habsu kuwa ya ƙare. Matar da layi ya zo kanta tana tsaye, tata albasar ma ƙishi take ji. Ta dubi dashen da ya fara kwantawa, ta ce, "Habsu, gama naki. Nau ya yi sayye ya kama ƙasa, shina iya kai gobe." Ta gobe ta ce ita ma ta ba da rabin nata, haka suka yi ta matsawa juna har makon ya daidaita. Ina tsaye da bido a hannu, hawaye suka zo mini, na ce iska ce. Fangali biyu na bakin gefe dai ba su tashi ba, kuma har yau ban manta da su ba.

Da magariba na shige ɗaki na rufe ƙofa, na yanke shawarar kwana da yunwa, don ban ga da wane ido zan karɓi kwano ba. Sai na ji muryarta ta katanga.

"Majo, tuwonka na hucewa. Tattasan da kac ce in tanada, na zuba shi ga miya, kihin dai na ba mu samu ba."

Na ci tuwon nan tas, kunya ba ta hana ni suɗe kwano ba. Daga makon na zama mai jan igiyar inji da ɗaukar tiyo duk ranar Alhamis kafin in buɗe likita, har na bar garin. Sandar na ba Baba Illa, bayan na ba shi haƙuri. Ƙarfen kuwa Inna Habsu ta roƙa. Ta cire masa ƙugiyoyi, ta ɗaure shi a kan wani icce ta kafa daidai inda tiyo yake shiga ruwa, yana ta ƙyalli a rana. Na tambaye ta amfaninsa. Ta ce, "Don in an aiko muna wani majo, shi san nan ba kihi na ba."

Na gode wa Allah da ya sa wautata ta faɗo a hannun mutanen kirki. Yanzu duk inda na je baƙunta, in tsoho ya fara da "kak ka", sai in rufe bakina har ya kai ƙarshen maganarsa.