Da Sauƙi, In Ji Mai Tsagaggen Bango

Jiya da hantsi, a ɗakin taro cike da jama'a, wani allon talabijin mai faɗin ƙofar gareji ya ƙaryata ni. Ni fa, wanda 'yan layinmu suka laƙaba wa Malam Gaskiya-Ɗaci don ba na barin ƙarya ta gitta ta gabana ko a wasa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, allon ne da gaskiya.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Ranar da ƙasa ta girgiza ina layin mai, riƙe da ƙahon babur ɗina tun safe. Da na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashina sai na yi hamdala, na ɗauka layin ne ya fara tafiya. Sai da na ga kwanon rumfar gidan man yana kaɗawa kamar tabarmar da ake kakkaɓewa, mutane suna salati suna watsewa, na gane ba mu ne muka motsa ba. Ko a nan ban bar layin ba sai da mai zuba man ya tsallake ni da gudu.

A gida na tarar kowa lafiya, sai ɗakin Inna, mahaifiyata. Bangon da gadonta yake jingine da shi ya tsage tun daga rufi har ƙasa, tsagar da in ka kara ido za ka hango shanyar maƙwabta. Na ce, "Inna, ki tattaro kayanki ki dawo ɗakinmu."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ubanka ne ya gina ɗakin nan da hannunsa. Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa sai ka haɗa da yatsa, kai ne za ka ce mini bango zai faɗi? Kawo mini wanda ya san gini ya faɗa da bakinsa."

Ta ɗauko tsohon zane ta cusa a tsagar, wai iska na damunta. Ga hadari ya fara haɗuwa kullum da yamma. Ni kuwa na san in ruwa ya shiga tsagar nan, ko ƙasa ta sake yin ɗan tari, bangon a kan gadon tsohuwar zai kwanta.

Washegari Mai Girma Shugaban Kwamitin Tausaya wa Waɗanda Ƙasa Ta Girgiza, Allah ya ƙara masa sanyin ofis, ya yi jawabi a rediyo. Ya ce injiniyoyi ba su da yawa, don haka kowa ya aiko da rahoton gidansa ta waya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowane rahoto zai fito a matsayin ɗigo a kan taswira: ja ga wanda abin ya yi muni, rawaya ga na tsakiya, kore ga wanda ya tsira. Inda ja ya taru, can injiniyoyi za su fara. Na ce madalla. Yau ga hukuma ta tambayi talaka abu, ba ranar zaɓe ba.

Na buɗe wayata. Tambaya ɗaya ce: yaya gidanka? Amsa uku: ya rushe, ya tsage, da sauƙi.

To jama'a, ku faɗa mini tsakani da Allah. Wane ɗan halak ne za a tambaye shi yaya gida, ga "da sauƙi" a gabansa, ya tsallake ta? Mu da aka raine mu a kan cewa ko mota ce ta bi ta kan mutum, in ka je dubiya ka ce yaya jiki, zai ɗago abin da ya rage na kansa ya ce da sauƙi? Yatsana bai ma shawarce ni ba. Ya danna.

Uwargida tana bayana da tsintsiya. "Malam, me ka danna?"

"Abin da mai godiyar Allah zai danna."

"Na ga akwai 'ya tsage' a wurin."

"Wasu rufi ya faɗo musu. Ni saboda tsaga ɗaya zan tsaya gaban hukuma ina raki?"

"To ka je ka gaya wa bangon da sauƙi, ko zai ji kunya ya haɗe." Ta ci gaba da shararta.

Na fita waje, na tarar da abin da ya ba ni damar wa'azi. Mai-aski na bakin layi, wanda madubi ɗaya kawai ya faɗo masa, ya danna "ya rushe" a wayarsa, ya danna a ta matarsa, ya aika aka karɓo ta surukarsa ya danna. Tela kuma ya tura hoton katangarsa da ta zube tun wata damina can baya. Har da akuya a hoton, akuyar da ni kaina na ci namanta.

Na ce, "Ku ji tsoron Allah. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya."

Mai-aski ya ce, "Malam, a wannan zamanin furen ma sayar da shi ake yi. Wanda bai yi kuka ba ai ba a ba shi nono. Kai me ka danna?"

Na faɗa masa da ƙirji a buɗe. Ya ajiye almakashi, ya bi ni har ɗakin Inna, ya zare zanen, ya zura hannunsa ta tsagar har gwiwar hannu, ya gaisa da maƙwabcinmu ta can. Ya juyo ya ce, "Lallai da sauƙi. An ma samu taga."

Kwana ya yi ta tafiya. Na ga injiniyoyi masu hular kwano sun wuce ta bakin titi, sun shiga wasu gidaje, ba wanda ya ko kalli ƙofata. Kullum hadari ya taso sai in je in tsaya a ƙofar Inna ina lallashi, ita kuma tana jan carbinta kamar da bangon nake magana. Da na ji an ce Mai Girma zai ƙaddamar da taswirar a bainar jama'a, na ce zan je in ji dalilin da ya sa ake tsallake masu gaskiya. Mai-aski ya ce zai raka ni, shi ma yana da ƙorafi, ba a zo an duba madubinsa ba.

Kai, an kashe dukiya a ɗakin taron nan. Labule har ƙasa, furannin roba, janareta biyu suna ruri a waje, a garin da na kwana biyu ina bin lita ɗaya. An ɗaure allon da kintinkiri, Mai Girma ya yanka, aka yi tafi, sannan aka gano ba a jona shi da wuta ba. Da ya kama, sai ga garinmu kwance kamar an watsa masa tsakiyoyi, ja da rawaya da kore.

Mai Girma ya ɗauki doguwar sanda ya nuna tsohuwar unguwa, can inda dattawa suka fi yawa, gidajen duk na da ne. Kore shar. Ya ce, "Kun gani? Wannan unguwa gaba ɗaya ta tsira, sakamakon matakan da muka ɗauka." Ban san wane mataki ake ɗauka a hana ƙasa motsi ba, amma mutanen layin gaba sun san shi, don sun yi tafi. Ya kuma nuna wani koren ɗigo guda ɗaya tilo a tsakiyar ja, ya ce ga ɗan ƙasa nagari wanda bai nemi ɗora wa hukuma nauyi ba. Na leƙa da kyau. Bayan kantin magani, gida na biyu. Ni ne. Wallahi har na gyara zaman hulata.

Sai aka miƙa wa wata injiniya abin magana, 'yar siririya mai tabarau, wadda ita ce ta haɗa taswirar. Ta ce kafin a tura kowa ko'ina, dole a san wane rahoto ne abin dogaro, domin waya ba ta rantsuwa. Ta taɓa kwamfutarta, wasu jajayen ɗigo suka kumbura. Ta ce waɗannan rahotanni ne da suka fito daga ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya, sun hau kan juna kamar ƙwai a faranti, don haka an mayar da su ɗaya. Mai-aski ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Ta ce akwai hotunan da ciyawa ta riga ta tsiro a kan ɓaraguzan, girgizar kuwa ba ta kai shekarun ciyawa ba. Na ce a raina, Allah ya ƙara, saura akuyar.

Sannan ta shimfiɗa wata taswirar a kan ta farko, mai nuna inda na'urori suka auna ƙarfin girgizar, duhu inda ta yi tsanani, haske inda ta yi sama-sama. Ta ce mai ƙarin gishiri ba ya ba ta tsoro, kama shi ba wuya. Abin da ya hana ta sukuni koren nan ne. Tsohuwar unguwa tana tsakiyar duhu, gidajenta sun fi na kowa tsufa, amma kowa ya ce lafiya. Ta danna, duk koren da bai yi daidai da maƙwabtansa da ma'aunin ba ya koma ruwan toka, ma'ana rahoton da ba a yarda da shi ba. Ɗigona ne farkon komawa. Ta ɗora sanda a kansa ta ce, "Wannan, ko dai gidan ƙarfe ne, ko mai gidan bai faɗi gaskiya ba."

Mai-aski ya zungure ni. "Malam, ni an rage ni, kai an soke ka."

Laifi tudu ne. Na miƙe na ce, "Ranki ya daɗe, ɗigon nan nawa ne, kuma ban taɓa ƙarya ba. Wa ya rubuta amsoshin nan?"

Wani daga gefe ya ce surukin Mai Girma ne ya samu aikin fassara su zuwa Hausa. Ita injiniyar ta ce abin da ta ba da a fassara shi ne "babu ɓarna".

Na ce, "To 'da sauƙi' ba ta nufin babu ɓarna. Tana nufin akwai, amma ba zan zubar da mutuncina in lissafa miki ba. Dattawan unguwar can da kika gani kore, ko a ƙarƙashin ɓaraguzai kika same su kika tambaya, abin da za su ce ke nan. Ba lafiyar gida kika auna ba, tarbiyya kika auna."

Ta cire tabarau ta dafe goshi. Ta ce ita ma haka kakarta take amsawa, amma ba ta taɓa duba allon wayar da idon kakarta ba. Sai ta dube ni da ladabi ta ce, "To Baba, yanzu tsakani da Allah, yaya gidan naka?"

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na sani. Na buɗe baki da niyyar in ce bango ya tsage, uwata na kwana a ƙarƙashinsa. Abin da ya fito shi ne, "Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Ɗakin ya ɗauki dariya har da masu tsaron ƙofa. Mai-aski ne ya miƙe ya ɗaga hannu ya naɗe hannun riga. "Hajiya, ƙarya yake! Wannan hannun na zura ta bangon har nan, na gaisa da mutumin da ke wancan gidan. Tsohuwa na ciki, ta ce ba ta fita sai mai hular kwano ya zo."

Haka aka karɓi shaidar mutumin da ya yi wa madubi rahoto da wayar surukarsa, a kan mutumin da ya shekara yana masa wa'azi. Injiniyar ta mayar da ɗigona ja a gaban idona, ta ce a tura mutane tsohuwar unguwa gida-gida, su duba da ido, kada su tambayi kowa yaya gida. Mai Girma ya yi gyaran murya ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan, kuma zai kafa ƙaramin kwamiti da zai zauna ya duba yiwuwar sauya kalmar. Allah ya ba kwamitin nan tsawon rai, na san zai buƙace shi.

Da la'asar wani injiniya mai hular kwano ya zo. Ya zare zanen Inna, ya ƙwanƙwasa bangon, ƙasa ta zubo masa a takalmi. Ya durƙusa ya gaishe ta ya ce, "Inna, wanda ya gina ɗakin nan ya iya gini, shi ya sa bai faɗo a ranar ba. Amma ya gaji. Yau kada ki kwana a ciki."

Ta ce, "Ka ji mai hankali. Tun yaushe nake jira a gaya mini." Ta miƙa mini carbinta da filo, ta wuce gaba. Kafin magariba an tokare bangon da katako, ita kuma ta baje a ɗakinmu, kan katifata, ita da surukarta suna hira suna dariya, na kuma san da wa suke.

Ruwan ya sauko kuwa, ya sauko da ƙarfi, ni ina kan bencin falo da ƙafafuna a waje don ya fi ni gajarta. Da safen nan Mai-aski ya leƙo, ya tarar ina ƙoƙarin miƙe bayana da hannu biyu. Ya ce, "Malam Ruwan-Toka, yaya bayan?"

Kun san abin da na ce masa. Don Allah kada wani ya sa shi a taswira.