Gurasa Biyar, Faranti Saba'in

Wata biyu da ba ni ajin yara a Makarantar Lahadi ta cocinmu a Tarauni, na yanke hukunci cewa tsofaffin malamai surutu kawai suke yi. Ni a wurina, yaro sai ya gani da idonsa.

Sai na sanar: "Lahadi mai zuwa za mu yi yadda Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar. Kada kowa ya makara!"

Ranar na biya ta Gyadi-Gyadi na sayi gurasa biyar da soyayyen kifi biyu, daidai yadda yake a rubuce a Littafi Mai Tsarki, ina tafe ina yaba wa kaina. Yara ashirin ne a ajina, amma na tarar da sun kai saba'in, kowa da farantinsa. Ashe sun baza labari cewa Malam zai raba abinci, iyaye ma ba su ba su karin kumallo ba.

Na ɗaga gurasar na yi doguwar addu'a. Da na buɗe ido, biyar ɗin ce dai.

Wata 'yar shekara shida ta ce, "Malam, sake yi, ba ka rufe ido sosai ba."

Kuka ya ɓarke har Fasto ya tsayar da wa'azi. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan cocinmu, su ne suka ɗora tukunyar taliya suka fitar da ni kunya.

Shekara uku ke nan, duk bikin da ya taso a coci, shugabarsu sai ta tare ni: "Malam, mu auno shinkafa, ko za ka yi mana addu'a?"