Motar da ke da kunne

Akwai wani mutumin Funtuwa, Mudassiru, da ake ce wa Mudi, wanda Allah ya ɗora wa son kiɗa mai duka a ƙirji. Ya yi shekara biyar yana tarin kuɗi kafin ya sayi wata mota tokumbo ruwan toka, lafiyayya, irin wadda in ka rufe ƙofa ko ƙarar inji ba ka ji. Wani zai yi wa Allah godiya ya yi shiru da bakinsa, amma ban da Mudi. Kwana uku da saye ya fara ƙorafi wai motar bebiya ce, sai ka shigo unguwa ka fita ba wanda ya ɗaga kai. Ya kwashe ta sai wurin masu haɗa sifika, aka dasa mata wufa a but, wato sifikar nan mai rugugi, ƙatuwa kamar tukunyar biki. Mai haɗin ya buɗe baki zai yi masa wani bayani game da irin motar, Mudi ya riga ya murɗa kiɗa ya ba ta wuta. Tun daga ranar gilashi a sauke yake yawo, don garin ya shaida.

To, matarsa Barira ta tafi gida wankan jego, an yi arba'in har an ƙara sati uku, shiru ba a maido ta ba. Mahaifinta, Malam Ilu, tsohon hedimasta ne, kuma tun ranar suna yake cike da surukin nasa, saboda Mudi ya faka a ƙofar gida ya saki kiɗa har jaririn ya kwana yana firgita. Tsohon bai ce ba zai ba da 'yarsa ba, cewa kawai yake a ƙara haƙuri, ana duba natsuwar yaron. Mudi kuwa gwauranci ya ishe shi, ya ci taliyar mai shayi har ya fara rama.

Ana nan sai aka sa wa Malam Ilu ranar ganin likitan ido a Zariya, don yanar ido ta rufe masa gani, sai dishi-dishi. Mudi ya ce faɗuwa ta zo masa daidai da zama, shi zai kai Baba. Ya wanke mota fes, ya sa babbar riga da hula, ya kashe rediyo ƙurmus. Ya durƙusa ya gaida tsohon, ya buɗe masa gidan baya. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka sa wufar, ya ɗaga gilashi duka huɗu ya kunna esi.

Sun fita gari kaɗan Malam Ilu ya gyara murya.

"Mudassiru, tunda Allah ya haɗa mu mu biyu, akwai maganar da nake so in yi maka."

"To, Baba."

"Shi magidanci ana son a same shi da kamun kai."

Daidai nan hanya ta miƙe, Mudi ya taka totur. Sai wani sauti ya taso daga baya, mai kauri, ƙasa-ƙasa, *hmmmmm*, sak irin na ƙaton da aka faɗa wa maganar da bai so. Mudi ya dubi rediyo, a kashe take. Ya ɗaga ƙafa, sautin ya lafa.

Tsohon ya ci gaba. Ya kawo batun haƙƙin maƙwabta, ya gangaro kan kunnen jariri da yadda yake da laushi. Wata tirela ta tare gaba, Mudi ya taka zai wuce ta.

*Hmmmmmmm.*

"Na'am? Magana kake?"

"A'a, Baba."

"Na ji kamar ka ce wani abu."

"Ba ni ba ne, Baba."

"Mu nawa ne a motar?"

"Mu biyu ne, Baba."

"To ni dai na san ba ni ba ne."

Zufa ta keto wa Mudi duk da sanyin esi. Ga shi ba a musu da suruki, ba a haɗa ido da shi, balle ka juya ka ce Baba dubi bakina a rufe yake. Ko ya juya ma, me tsohon zai gani da wannan idon? Sai ya koma tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, har masu babur ɗauke da buhun masara suna wuce shi suna leƙe. Amma hanya ba ta rasa hawa, kuma kamar da gangan, duk lokacin da Malam Ilu ya zo kan gaɓa mai muhimmanci sai hawa ya zo. Ya ce aure haƙuri ne, mota ta ce *hmmm*. Ya ce shi bai taɓa ɗaga wa surukinsa murya ba har Allah ya karɓi ransa, mota ta ja nata dogo har kujerar baya tana rawa.

Ran tsohon ya ɓaci ƙwarai.

"Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ɗan wani bai taɓa yi mini gunaguni ba. Yau sai wanda na ba 'ya? Tsaya in sauka."

"Wallahi Baba mota ce."

"Mota ce ke yi mini gunaguni? Tsaya na ce. In nemi ta haya."

Mudi ya gangara gefen titi, daidai shigar Giwa. Injin na kunne, gurnanin na nan ƙasa-ƙasa. Malam Ilu ya lalubi marfin ƙofa ya tura. Ƙofa na buɗuwa, sautin ya ɗauke ɗif.

"Ka gani ko? Da ka ga da gaske nake ai ka yi shiru."

Nan Mudi ya ga Barira da jaririn suna yi masa nisa, ya ga kansa a bencin mai shayi har babbar salla. Ya fito ya zube a ƙasa da babbar rigarsa, ya roƙi tsohon don girman Allah ya ba shi minti goma. Can tsallaken titi akwai rumfar wani rewaya, mai gyaran wutar mota, da tsofaffin batura jibge a gaba. Da ƙyar Malam Ilu ya yarda ya koma ya zauna, ya ce zai ga ƙarshen ƙarya.

Rewayan wani dattijo ne siriri mai suna Sunusi, da tabarau ɗaure da zare. Ya shiga ya rufe ƙofa, ya taka totur, mota ta yi gurnani. Ya buɗe ƙofa ta yi shiru. Ya leƙa but, ya ga tukunyar, ya yi dariya har da tafa hannu.

"Baba, ku yi haƙuri, wannan bawan Allah bai yi muku gunaguni ba. Motar ce da kanta."

"Yau na ji ikon Allah. Yi mini bayani, ɗana."

Sunusi ya ɗaga yatsa ya nuna wasu 'yan ƙananan huji a jikin rufin motar, ɗaya a saman direba, ɗaya daidai kan tsohon.

"Irin wannan motar da kunnuwa ake ƙera ta, ga su nan, 'yan makirufo ne. Aikinsu su saurari rugugin inji. In sun ji, sai motar ta fitar da wani sauti kishiyarsa ta sifika, su kashe juna, na ciki ya ji shiru. Shi ya sa take da lafiya. To da aka sa mata wufa, wannan ɗan sautin nata sai ya fito da ƙarfi ninkin-ba-ninkin. Kunnen ya ji, ya ɗauka wata sabuwar hayaniya ce, ta ƙara murya don ta kashe ta. Da kanta take faɗa. In an buɗe ƙofa ko gilashi kuwa sai ta daina saurare, shi ya sa..."

"Shi ya sa ban taɓa ji ba," Mudi ya karɓe, farin ciki ya cika shi. "Kun ji ko, Baba? Ai na faɗa muku. Ni dama tun farko na san..."

"Bari mutum ya gama maganarsa," in ji Malam Ilu. "To ɗana, mene ne maganin?"

"Biyu ne, Baba. Ko a cire wufar motar ta koma yadda aka yi ta, ko a cire kunnuwan a bar wufar. Wanda ya haɗa ya kamata a ce ya faɗa masa tun ranar."

Duk mai hankali ya san amsar da ake ba wa suruki a irin wannan wuri. Amma Mudi ya waiga ya dubi but, ya tuna yadda take dukan ƙirji in ya shigo layinsu, bakinsa ya riga hankalinsa.

"A cire kunnuwan."

Sunusi ya dube shi ta saman tabarau. Ya ɗauko sukundireba ya ɓalle murfin hujin, ya zaro 'yan makirufon guda biyu, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Aka rufe ƙofa aka taka totur, shiru. Mudi ya washe baki, ya matso kusa da tagar baya ya rage tsawo.

"Baba, tunda gaskiya ta fito, ko za a taimaka a duba maganar dawowar su Barira?"

Malam Ilu bai ko juyo wajensa ba. Ya miƙa hannu yana laluben rewayan.

"Ɗana, kunnuwan nan da ka cire, kada ka yar. Ka gwada su a kan mai motar, ranar da suka fara aiki sai ya zo ya ɗauki iyalinsa."